Ƙamus, Waya ko Tsofaffin Tambayoyi: Me Za Ka Saya wa Ɗalibi Mai Shirin Jarrabawar Turanci?

Idan kaka ta yi, aka sayar da riɗi da gyaɗa, ɗan abin hannu ya samu, tambayar da iyaye suka fi kawo mini a nan yankin Ringim ita ce: "Malam, yaron nan Turanci ne ke kayar da shi, me zan saya masa?" Kuɗin ba masu yawa ba ne, sau da yawa abu ɗaya kacal za su isa a saya, don haka zaɓin ba na wasa ba ne. Abubuwan da ke gaban mai saye su ne babban ƙamus na Turanci zalla, ƙamus na Turanci da Hausa, littafin tsofaffin tambayoyi, 'yan littattafan "manyan kalmomi" da ake talla a tasha, manhajar waya, sai kuma kuɗin lesin.

Kafin a zaɓa, sai an san abin da jarrabawar ke nema. Turancin WAEC takarda uku ne. Akwai ta canki-canka mai tambaya 80, wadda rabinta a kan kalmomi ne kai tsaye. Akwai ta rubutu, inda ake insha'i da fahimtar labari da taƙaitawa. Akwai ta furuci mai tambaya 60. NECO ma tsarinta bai yi nisa da wannan ba. A JAMB kuwa, cikin tambaya 180 da ake amsawa a awa 2, guda 60 na Turanci ne, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yi. Wanda bai samu kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko Bayero yake so, ko ta Dutse, ko ta Kafin Hausa.

Abin lura shi ne, ba a tambayar ma'anar kalma ita kaɗai. Jimla ake kawowa, a ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya, a ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita ko kishiyarta a wannan wurin. Yaro ya san "entertain" da ma'anar nishaɗantarwa, sai a kawo masa jimlar da kotu ta ƙi yin "entertain" ɗin wata ƙara, ana nufin ta ƙi saurarenta. Idan ma'ana ɗaya ya haddace, ya faɗi. Ana kuma tambaya a kan kalmomin sana'o'i: noma, asibiti, shari'a, banki, gini, sufuri. Duk abin da za ka saya, ka auna shi da wannan.

Ni dai ba na ɓoye zaɓina. Idan abu ɗaya za ka iya saya, ka sayi ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's, na gaske. Wanda ya fara tsara shi, A. S. Hornby, malamin Turanci ne da ya daɗe yana koyar da 'yan Japan, kuma kamfanin Oxford ya fitar da shi a 1948. Wato tun asali ba don Bature aka yi shi ba, don irin yaranmu aka yi, waɗanda Turanci ba harshen gidansu ba ne. Shi ya sa bayaninsa da kalmomi masu sauƙi ake yi, ba a fassara maka kalma mai wuya da wata da ta fi ta wuya. Kowace kalma an jera ma'anoninta da lamba, kowace ma'ana da jimlolin misali, an nuna kalmomin da suka saba tafiya tare da ita, an kuma faɗa idan ta hira ce ko ta rubutun hukuma. Wannan na ƙarshen yana ceton maki a wasiƙa, domin yara da yawa suna rubuta wa shugaban makaranta da harshen da za su yi wa aboki magana.

Sai maganar furuci, wadda a wurina ita kaɗai ta isa dalili. Takardar furuci ba da baki ake yin ta ba, a rubuce take, da alamomin sauti. Yaron ƙauye bai cika jin mai Turanci na asali ba, kuma mu Hausawa mun san inda harshenmu ke tuntuɓe: P da F, da sautin "th", da inda ake danna murya a doguwar kalma. Ƙamus ɗin nan ya sa alamar furuci kusa da kowace kalma, da 'yar alamar da ke nuna gaɓar da ake dannawa. Yaron da ya saba duba su tun aji ɗaya na babbar sakandare, ranar jarrabawa alamomin ba baƙinsa ba ne. Tun bugu na 7, na 2005, an ware kalmomi 3,000 mafiya muhimmanci an sa musu alamar makulli, don ɗalibi ya san inda zai fara. Bugu na 8, na 2010, ya ƙara sashen koyar da rubutu a bayan littafin, da samfurin wasiƙa da insha'i. Na 9 ya fito a 2015, na 10 a 2020. Ko wanne ka samu daga na 7 zuwa sama ya wadatar, kada mai shago ya tsorata ka da cewa tsoho ne. Ba ya son caji, ba ya son data, ana shiga da shi makarantar kwana, kuma in yaya ya gama ƙane ya gada.

Na Longman ma yana da kyau, da kalmomi kusan 2,000 yake yin duk bayaninsa, in shi ka samu na gaske ka ɗauka. Ƙamus na Turanci da Hausa na taimakon mai farawa, amma jarrabawa Turanci take neman a musanya da Turanci, don haka ba zai kai yaro ba. Littattafan "manyan kalmomi dubu" na tasha asarar kuɗi ne: kalma da ma'ana ɗaya, babu jimla, babu furuci. Lesin kuwa ya danganta da malamin, kuma kuɗinsa duk wata ne.

Waya ce ke ruɗar mutane, domin gaskiya akwai ƙamus na kyauta a intanet, har da murya. Amma a garin da sai an kai waya shagon mai sola an biya kuɗin caji, sabis kuma sai an fita bakin titi, wa zai tsaya duba kalma goma kullum? Makarantun kwana ba sa barin waya. Inda ma aka bari, mun san abin da yaro ɗan shekara 16 ke kallo a cikinta. Amfaninta ɗaya da na yarda da shi, gab da JAMB yaro ya saba da amsa tambaya a fuskar na'ura da agogo yana tafiya.

Littafin tsofaffin tambayoyi shi ne na biyu a wurina. Yana nuna salon tambaya, yana koya wa yaro lissafin lokaci. Sai dai amsoshin da ke bayan wasu akwai kurakurai, kuma yaron da ba shi da ƙamus ba shi da hanyar ganewa, haka zai haddace kuskuren. Ƙamus tukuna, sannan shi.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, domin nan ne kuɗin talaka ke salwanta. Littafin da aka fi nema shi aka fi yi wa jabu, kuma kasuwa cike take da jabun wannan ƙamus. An taɓa sayar mini da ɗaya a wani shago a birni, a naɗe cikin leda, mai shagon yana cewa, "Malam, orijina ne, daga kwali na ciro shi yanzu." 'Yar yayana na saya wa, ta tafi da shi makarantar kwana. Da ta dawo hutu ta ce, "Baffa, babu harafin M a ciki, daga L sai ya tsallaka, wasu shafukan kuma sau biyu suka zo." Bango ya riga ya rabu da jiki. Na koma da shi, mutumin ya ce bai taɓa ganina ba. Zango guda yarinyar ta yi tana aron na wata.

Saboda haka kada ka biya kuɗin littafin da ba a bar ka ka buɗe ba. In an ce ledar ba a yagewa, ka ce za ka biya bayan an yage a gabanka. In an ƙi, ka yi gaba. Littafin ya haura shafi 1,500, ba za ka duba duka ba, amma ka buɗe wurare da dama, farko da tsakiya da ƙarshe, ka bi lambobin shafi ka ga suna bin juna, ka tabbata kowane harafi daga A zuwa Z yana nan. Ka dubi ƙananan alamomin furuci: a na gaske tsaf suke kamar an zana da allura, a jabu tawada ta cuɗe su, wani lokaci alamar danna murya ta ɓace gaba ɗaya, wato abin da ka saye shi dominsa babu shi. A bugu na 8 da na 9, kalmar da ake bayani a kanta shuɗiya ce. In ka gan ta toka-toka ko launin ya zame gefe, hoton wani aka ɗauka aka buga. Ka duba ko rubutu ya karkace, ko gefen shafi ya yanke haruffa. Ka buɗe tsakiya sosai ka ji ko gam ɗin baya na ƙara. Takarda marar kauri kaɗai ba alamar jabu ba ce, domin akwai bugun ɗalibai na ƙasashen waje wanda kamfanin da kansa ya yi ƙarami da ɗan sauƙin kuɗi. Abin dubawa tsaftar bugu ne.

Ka tambayi farashi a shago uku kafin ka ciro kuɗi. Layin masu littattafai na Sabon Gari a Kano shaguna ne kusa da kusa, ba wahala. Wanda ya faɗi kuɗin da bai kai rabin na sauran ba, ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa. Amma tsada ma ba shaida ba ce, akwai masu sayar da jabu a kuɗin na gaske. Ka karɓi rasit mai sunan shago, ku yi magana a gaban shaida cewa in an ga matsala za a canza. In ba ka karanta boko ba, babu abin kunya, ka tafi da malamin yaron ko wani ɗalibin jami'a na garinku. Na hannu na gaske, ko da bangonsa ya sha jiki, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Waɗanda suka gama sakandare sukan sayar ko su bayar, a fara tambaya a cikin dangi.

Da canjin da ya rage ka haɗa masa da littafin rubutu mai kauri. Kalmomin da zai tara daga karatunsa za su fito, daga littafin darasi, da jarida, da littafin labarin da JAMB ke sanyawa a karanta. Biyar a rana sun isa, kowace da ma'anarta da furucinta da jimlar da shi ya ƙirƙira. Alhamis da Juma'a ya koma kan na baya, yadda almajiri ke tilawa don kada hadda ta zube. In gida ɗaya ba za su iya ba, maƙwabta biyu su haɗa kuɗi, yara su riƙa zama tare bayan la'asar.

Akwai wasu 'yan damfarar da suka fi masu jabun littafi sharri. Da zarar jarrabawa ta matso za a cika WhatsApp da Facebook da masu cewa suna da tambayoyin gobe, ko za su ƙara wa yaro makin JAMB in an tura kuɗi. Ƙarya ce. Za a karɓi kuɗin a toshe lambarka, ko a turo amsoshin wata shekarar, yaro ya shiga da su a kama shi, a riƙe sakamakonsa ko a soke. Satar jarrabawa laifi ne da wata doka ta 1999 ta tanadar wa hukunci, kuma sunan yaron ne ke ɓaci, ba na wanda ya ci kuɗin ba. Haka masu zuwa ƙauye su ce a ba su kuɗi da lambar NIN za su yi wa yara rajista daga nesa. Rajistar JAMB a cibiyar da hukumar ta amince da ita ake yi, ɗalibi ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa. Duk wanda ya ce ba sai yaro ya je ba, kada ka ba shi ko sisi, kuma kada ka ba shi lambar.