Death of a Salesman: wasan ya kama ni, amma kwafin da aka sayar min ya ɓata min rai

Wallahi ban yi zaton wasan kwaikwayon da Arthur Miller ya rubuta aka fara nunawa tun 1949 a Amurka zai taɓa ni haka ba, na sayi littafin ne kawai don ana ta cewa ya ci kyautar Pulitzer, babbar lambar yabon marubuta a Amurka. Willy Loman ɗan tallan kamfani ne mai shekara 63, sama da shekara 30 yana jan mota gari-gari da akwatunan kaya, kuma shi a wajensa nasara ita ce farin jini, a san ka a so ka, shikenan ka gama. Da wannan karatun ya tarbiyyantar da 'ya'yansa Biff da Happy har suka girma ba su tsinana komai ba.

Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar Charley maƙwabcinsa. An yanke wa Willy albashi sai kamasho, duk sati sai ya je ya ranci dala 50 wajen Charley ya kawo wa matarsa Linda a matsayin abin da ya samo, ita kuma ta sani amma ta rufa masa asiri tana zaune tana ɗinke tsohuwar safarta. Charley ya yi masa tayin aiki ya ƙi saboda girman kai, alhali Bernard ɗan Charley, yaron da suke rainawa don ya cika karatu, shi ne ya zama lauya har yana zuwa kotun ƙoli kuma ko a bakinsa bai ɗauki abin ya yi ta yayatawa ba. Ni dai a wasan nan Charley ne mai rufin asiri, shi ya ci nasara, ba Ben yayan Willy da ya shiga dajin Afirka ya fito da arzikin lu'ulu'u ba.

To ina cikin wannan daɗin ne, Howard mai kamfanin ya kori Willy yana ta wasa da na'urar ɗaukar murya ko kallon kirki bai yi masa ba, na juya gaba kaɗan sai na tarar shafuka sun yi tsalle, wasu an maimaita su sau biyu, wurin otal ɗin Boston inda Biff ya kama ubansa da wata mace gaba ɗaya babu shi. Haba jama'a, nan ne fa zuciyar labarin! Kuɗin orijina na biya, ashe bugun bayan fage ne, takarda shara-shara kana hango rubutun baya. Sai aro na yi wajen wata ƙawata na cike giɓin.

Ƙarshen ya sa ni hawaye duk da haka, mutum ya halaka kansa don iyalinsa su karɓi inshorar dala 20,000 yana tunanin jama'a za su cika jana'izarsa, sai ga shi daga iyalinsa sai Charley da Bernard, a ranar kuma Linda ta biya kuɗin ƙarshe na bashin gidan. Happy ma ya ƙara ƙona min rai da ya tsaya a bakin kabari yana cewa zai ɗora daga inda uban ya tsaya.

Mai shagon kuwa na tura masa hoton shafukan, ya ce haka aka kawo musu kuma kayan da aka saya ba a dawowa da su, tun daga nan ya daina ɗaga wayata.