Na nemi fim ɗin harbe-harbe, aka tura min yaran Kurdawa

Wurin mai tura fina-finai na je na ce ya sa min na yaƙin Iraƙi, irin mai ruwan harsashi. Na dawo gida na tarar Turtles Can Fly ne, na Bahman Ghobadi, wanda ya fito a 2004. Tun ba a je ko'ina ba na fara tsaki. Babu fassarar Hausa, rubutun Turancin da ke ƙasa kuma sai mutum ya gama magana ya juya baya sannan ya bayyana. Yara ne kawai a sansanin 'yan gudun hijira kan iyakar Iraƙi da Turkiyya, ana zaman jiran shigowar Amurka a 2003.

Sai ga Hengov, yaron da ba shi da hannu ko ɗaya, ya kwanta rub da ciki yana kwance nakiya da haƙora. Wallahi tuwon da ke gabana a nan ya sandare. Sau uku ina mayar da wurin baya, kowane karo sai na kama kaina ina riƙe numfashi, kamar in na yi motsi za ta tashi da shi. Yaran nan tono nakiyoyi suke yi su sayar, sana'arsu ke nan, har da ciniki. Kuma ba 'yan fim ba ne, yaran yankin aka ɗauko. A nan na yafe wa mai turawar.

Amma fa fim ɗin ya ɓata min rai a kan Agrin, 'yar'uwar Hengov mai goyon makahon yaro. An ce daga Halabja suka fito, aka wuce. Wanda bai san cewa ranar 16 ga Maris 1988 jiragen Saddam sun yi wa garin ruwan iskar guba, mutum wajen 5,000 suka mutu, ko bai san kisan kiyashin Kurdawa na Anfal da Ali Hassan al-Majid, ɗan'uwan Saddam, ya jagoranta ba, sunan ba zai ce masa komai ba. Ga shi daidai inda ake nuna abin da sojoji suka yi mata, rubutun ya ɓace gaba ɗaya. Haba!

Ƙanena ya roƙa in tura masa, na hana. Gobe zan koma wurin mutumin, ya nemo min kwafi mai rubutun kirki.