Gyaran tsohon hedifon a Tudun Wada: yadda soso ya dawo da sautin

Hedifon ɗin da nake tace muryoyi da shi Sony MDR-V6 ne, samfurin da ya fara fitowa a 1985, kuma a Kasuwar Barci na saye shi na hannu. Lasifikarsa lafiya lau take, amma zafin Kaduna da gumi sun cinye fatar roba da ke lulluɓe da soson kunnen, har ta kai duk lokacin da na cire shi sai na kakkaɓe baƙin ɓarɓashi daga wuyan rigata. Ganin haka na sayo wani soso mai kauri na ɗora masa. Ya yi daɗin sakawa ƙwarai, sai dai muryar mai magana ta ja baya kamar daga wani ɗaki take fitowa, dukan ganga kuma ya kumbura ya rufe komai.

A wannan hali na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Tudun Wada. Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sukudireba ba sai da ya saurara tukuna, sannan ya danna hedifon ɗin a kunnuwansa ya sake saurara. Ya ce, "Malam, lasifikarka ba ta da laifi, ɗakin da ka gina mata ne ya yi mata girma."

Gaskiya ya faɗa. Soso ne ke tsara tazarar da ke tsakanin lasifika da kunne da yawan iskar da ke kulle a wurin, saboda haka kaurinsa kaɗai yana iya sauya murya. Wanda aka lulluɓe da fata yana toshe iska, sai sauti mai kauri ya ƙaru, shi kuwa na karan-miski iska tana ratsa shi, don haka kaurin yakan ragu ko da yake kunne yana shan iska. Tsohon soso da ya lotsa kuma yana barin kafa a gefe, musamman ga mai tabarau irina.

Inda ya fi nuna gwaninta shi ne wajen kashe amo. Ya nuna mini cewa sabon soson da na sayo ba shi da siririn faifan soso da ke rufe fuskar lasifika, wanda ke rage kaifin "s" da "ts". Ya kwatanta aikinsa da yadda makaɗi ke ɗora yatsa a fatar ganga don kada amonta ya zarce. Da ya gwada ninki biyu sai muryar ta dushe, nan take ya cire ɗaya, sannan ya nemo soso mai kauri daidai da na asali.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Mako ɗaya ya yi mini alkawari, sai da aka yi uku, kuma ya bar ɗan tabon gam a gefen hagu. Duk da haka, wanda yake da tsohon hedifon yana tunanin jefarwa, ina ba shi shawara ya fara kai shi wurin irin wannan mai gyara. Daren da na karɓo nawa na kunna wata hira da na naɗa a bara, na ji har numfashin da baƙon yake ja kafin ya amsa tambaya.