Mulholland Drive ko Eraserhead: wanne za ka fara da shi?

Ɗan'uwa, tunda ɗaya za ka saya a cikin finafinan David Lynch ɗin nan, ɗauki Mulholland Drive na 2001 kawai.

Ina da faifansa har yau. Kallon farko kaina ya ɗaure tamau, na kwanta ina jin haushin awa biyu da kusan rabin da na ɓata. Washegari na sake kunnawa da biro a hannu, sai abubuwa suka fara haɗuwa. Naomi Watts ce Betty mai fara'a da sa'a, ita ce kuma Diane da Hollywood ta yi wa kaca-kaca. A fahimtata, duk farkon fim ɗin mafarkin Diane ne, tana gyara rayuwarta yadda ta so ta kasance. Ka sa ido kan shuɗin makulli da shuɗin akwati: ana buɗe akwatin mafarki ke karyewa, makullin kuwa a zahiri alama ce cewa kisan da ta biya a yi ya tabbata. Sai wurin Club Silencio, inda mawaƙiya ke faɗuwa amma muryarta na ci gaba da tashi. Nan tsigar jikina ta tashi, don a nan ake gaya wa Diane duk abin da take gani na bogi ne. Asali ma shirin talabijin aka so yi, tashar ABC ta ƙi karɓa, Lynch ya ƙara masa ƙarshe ya mai da shi fim, har ya ci kyautar darakta a bikin finafinai na Cannes.

Eraserhead na 1977 kuwa, na saya na yi da-na-sani. Baƙi da fari ne, ga jariri mai ban tsoro da kukansa ba ya ƙarewa. An ce tsoron zama uba yake nunawa, to, na ji. Sau ɗaya na kalla.

Ka yi hattara da wasu masu turi da masu sayar da faifai a bakin titi. Akwai wanda ya taɓa tura min fim an yanke ƙarshensa, ya rantse cikakke ne. A irin wannan fim, in aka cire rabin awar ƙarshe an cire komai, don haka ka duba tsawonsa kafin ka biya, ya kai wajen minti 146. Kuma kada ka kunna shi a falo gaban yara ko su Hajiya, akwai wuraren da ba su dace ba.