Gargaɗi ga masu Sprinter: a yi hattara da mai musayar janti a Yamai

Ƴan uwa direbobi da masu motocin haya, musamman na layin Yamai zuwa Tawa, akwai wani mutum da ke tallar jantin alminiyam a Facebook da zaurukan WhatsApp. Ba shi da shago tsayayye. Zai ce ku haɗu a bakin titi, ya zo da yaronsa da jak, ya kwance maka jantinka na ƙarfe guda huɗu, ya ɗaura nasa masu walƙiya, ka cika masa kuɗi. Ni jika 120 na cika. Ba zan kama suna ba, don sunan da ya ba ni ma ban yarda nasa ne ba, kuma lambar tasa tun ranar a kashe take.

Kalmar da ya kama ni da ita ɗaya ce. Na tambaye shi notin da za a ɗaura, sai ya ce, "Haba Alhaji, rami shida ne, naka shida, nawa shida. Notinka na da shi zai hau." Na duba kuwa, ramukan sun yi daidai. Motar Mercedes Sprinter daga ƙirar 2006 rami shida gare ta a kan da'ira mai faɗin milimita 130, ta kafin nan biyar. Na ga yaron ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa yana dannawa, raina ya ce wannan ɗauri ko giwa ba ta kwance shi.

Washegari na ɗauko kaya. Mun wuce Doso lafiya. Bayan Dogon Dutsi sai na fara jin ƙwas-ƙwas daga baya duk lokacin da na taka birki, sitiyari kuma yana ɗan rawa. Na ɗauka lodi ne ya goce. Allah ya sa yaron motata ya matsa mini, muka lallaɓa har Ƙonni, muka tsaya wurin wani dattijo bakanike. Ya tsuguna gefen tayar baya ta hagu, ya shafa yatsa a bakin ramin, ya ɗago mini. Yatsan ya yi toka-toka da garin alminiyam. Ya kama noti ɗaya da hannu kawai, ya juya, ya fito. Biyu sun riga sun faɗi a hanya ban sani ba.

Ya ce, "Ɗana, wa ya ɗaura maka wannan?"

Na ce, "Baba, wanda ya sayar mini."

Ya sa yaro ya kawo fitila ya haska mini cikin ramin. Ƙarƙashin kan notin Mercedes a kumbure yake, zagayayye kamar gindin ƙwarya, kuma ramin jantin kamfani haka aka fafe shi don su zauna cikin juna. Jantin da aka sayar mini kuwa raminsa a zurme yake kamar mazurari, irin wanda ake cewa digiri 60, kamar yawancin na alminiyam da ba na kamfanin motar ba. In ka sa mai gindin ƙwarya cikin mazurari, wuri ɗaya siriri kamar zare kaɗai suke haɗuwa. Na ga layin da idona, ya ci alminiyam ɗin ya zagaye ramin. Alminiyam ya fi ƙarfe taushi, kowane rami na hanya yana ƙara cinye wurin, ɗaurin yana saki da kansa komai ƙarfin wanda ya ɗaura. Ramuka uku sun riga sun koma kamar ƙwai.

Bai tsaya nan ba. Ya mayar da notin ya ce in ƙirga juyi. Huɗu da rabi, ya tsaya. Jantin alminiyam ya fi na ƙarfe kauri a wurin da noti ke ratsawa, don haka gajeren noti na jantin ƙarfe bakinsa kawai ke kama haƙoran ciki. Kaurin notin Sprinter milimita 14 ne, kowane juyi yana shiga milimita ɗaya da rabi, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce abin da ya shiga ya kai kaurin notin, wato wajen juyi tara. Da rabin wannan na ɗauko lodi tun daga Yamai. Da na tuna gudun da na yi kafin Dogon Dutsi sai da na nemi benci na zauna.

Akwai kuma tarkon da ni da kaina na kusa faɗawa a wurin. Dattijon ya samo dogayen noti masu gindin mazurari don jantin da suka rage, na ce to a ɗaura safaya da su, tunda ita ta ƙarfe ce har yanzu. Ya girgiza kai. Dogon noti a siririn janti yana zarcewa ciki, a tayar baya yana iya taɓo kayan birkin hannu, ga shi gindinsa bai dace da ramin ba. Da tsofaffin notina aka ɗaura safayar. Duk wanda ya koma alminiyam ya bar safayar ƙarfe, ya ƙulle gajerun notinsa shida a leda ya ajiye kusa da jak.

Shi ma hawa kan bututun da ya burge ni ashe ɓarna ce. Littafin wannan ƙirar ta Sprinter ya raba ɗaurin: 240 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ga jantin ƙarfe, 180 Nm ga na alminiyam, da sifana mai ma'auni, a kuma sake dubawa bayan kilomita 50. Masu Hiace kada ku ce ba ruwanku. Taku ƙusoshin a jikin motar suke, ba kamar Sprinter da notin kansa ne ƙusar ba, amma notin jantin alminiyam na Toyota shimfiɗaɗɗen gindi gare shi da zoben ƙarfe (washa), na jantin ƙarfe kuma mazurari ne, cakuɗa su ita ma wannan rawar take kawowa.

Da muka kifa jantin, wurin da ake buga nauyin da zai iya ɗauka an goge shi da injin wasa ƙarfe, sabon gogewa, yana ƙyalli. Abin da ya tabbatar mini ke nan ba jahilci ba ne, mai jantin ya san abin da yake sayarwa. Riba biyu yake ci: ya karɓi kuɗinka, ya kuma kwashe jantin ƙarfe na asali, waɗanda duk mai ɗaukar lodi ke nema.

In ya tuntuɓe ka, ka ce a haɗu a garejin bakanikenka, a kwance noti ɗaya a gwada gindinsa da ramin, a ƙirga juyi, a kifa jantin a karanta lambobin baya. Wani abokina ɗan Illela da ya yi masa wannan maganar, nan take mai jantin ya kashe waya. Hotunan tallar dai har jiya ina ganin su suna yawo, da sabuwar lamba, janti huɗu jingine da wani koren ƙyaure. Motata tana Tawa a kan bulo, ina neman jantin ƙarfe uku masu rami shida.