Bulldog na Ingila ko na Faransa, wanne ya fi zama lafiya da karnukan unguwa?

Ɗan'uwa ka ce kana so ka ɗauko bulldog amma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin na Ingila da na Faransa, ga shi unguwarku akwai karnuka da yawa har da manya irin su Labrador, kuma ba ka son abin da zai haɗa ka da maƙwabta. Ni na Ingila ne a hannuna, amma muna yawan haɗuwa da na Faransa wajen yawo, to ga yadda nake ganinsu.

Fara da jiki tukuna. Na Ingila namiji yana kai kilo 23 zuwa 25, gajere ne amma ƙirjin nan faffaɗa, in ya tsaya ya tsaya. Na Faransa da wuya ya wuce kilo 13, ga kunnuwa a tsaye kamar na jemage. Asalinsu ɗaya, a Ingila da can ana haɗa bulldog faɗa da bijimi har sai da aka hana a 1835, daga nan masu kiwo suka dinga zaɓen masu sanyin hali. Ƙananan cikinsu kuma masu saƙar leshi daga garin Nottingham na Ingila suka tafi da su Faransa, can aka samu wannan ɗan ƙaramin.

Wajen haɗuwa da wasu karnuka nan ne bambancin yake fitowa sosai. Na Ingila ba shi da zumuɗi, zai tsaya a shinshine shi, shi ma ya shinshina, sai ya nemi inuwa ya kwanta. Matsalarsa ba ya ja da baya, in wani kare ya matsa masa ba gudu zai yi ba, kafewa zai yi, kuma wasansa ma da ƙirji yake bangaza, wanda ƙaramin kare ba zai ji daɗi ba. Na Faransa kuwa shi ne mai kai kansa, da gudu zai nufi fuskar babban kare yana tsalle yana neman wasa, bai san shi ƙarami ba ne. Wallahi nan ne nake jin tsoro, don irinsu suna yawan samun matsalar ƙashin baya, babban kare ya faɗo masa a baya ko da da wasa ne sai ka ga an kwasa zuwa wajen likitan dabbobi. Kenan da na Ingila kana lura kar ya danne na wani, da na Faransa kana lura kar a danne naka.

Akwai abin da suka haɗu a kai wanda mutane ba sa kula da shi. Karnuka da jela da fuska da kunne suke gane nufin juna, su kuwa waɗannan biyun jelar guntuwa ce ko a murɗe, fuska a tattare, ido a waje, ga numfashi mai ƙara saboda gajeren hanci. Sai wani kare ya ji wannan ƙarar ya zaci gurnani ake masa, ya ga fuskar ya zaci harara ce, alhali naka bawan Allah numfashi kawai yake. Shi ya sa ko wanne ka ɗauko kar ka kai shi gaba da gaba da baƙon kare igiya a ɗaure tam, kuma kar haɗuwar farko ta zama a ƙofar gidan ɗayansu. Ku yi magana da mai karen ku fita tare, kowa da nasa a gefen hanya, kuna tafiya waje ɗaya da tazara a tsakani, kuna matsowa kaɗan kaɗan. In sun saki jiki a bar su su shinshini juna ta baya na ɗan lokaci sai a ci gaba da tafiya. In ka ga jiki ya sandare, gashin baya ya tashi, ko ido ya kafe, ka ƙara tazara ba tare da tsawa ba.

Zafi ma su biyun duk ya shafa, amma na fi ganinsa a na Ingila saboda nauyi. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, su kuma hanyar iskar a matse take, to in suka biye wa kare mai dogon hanci wajen guje-guje shi yana nan garau su sun galabaita. Ka fita da sassafe ko bayan rana ta faɗi, ka riƙe ruwa, ka yanke wasan tun kafin hakin ya yi yawa, kuma ka sa masa abin ɗauri na ƙirji maimakon na wuya. Kar ka bar su kusa da ruwa mai zurfi, ba su iya iyo ba.

In kwikwiyo za ka ɗauko, makonni 14 na farko na rayuwarsa su ne lokacin da ya fi saurin sabawa, sai ka tambayi likita jadawalin rigakafi, musamman na parvo (cutar amai da gudawa ta karnuka) da na ciwon hauka, ka fara haɗa shi da karnukan da ka tabbatar an yi musu allura kuma masu haƙuri ne.

Da ni ne kai, tunda ka ce manyan karnuka sun fi yawa a unguwar, na Ingila zan ɗauka, ya fi jure turereniya kuma ba ya tsokana. Sai dai in a saman bene kake, ka yi tunanin ranar da zai gaji ko ya yi ciwo ka ɗauki kilo 25 ka hau matakala da shi, a nan kam na Faransa ya fi sauƙi, amma sai ka zaɓa masa abokan wasa daidai girmansa.