Brittany Ferries zuwa Santander: ƙaura da kare da mota cike da kaya

Mai shirin barin Ingila ya koma Sifaniya da zama, da motarsa da kayan ɗakinsa da karensa, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya bi jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku daga Folkestone zuwa Calais, minti 35 kacal, sannan ya tuƙa sama da kilomita 1,000 cikin Faransa yana biyan kuɗin hanya da na masauki, ko ya shiga jirgin ruwan Brittany Ferries ya sauka kai tsaye a Santander ko Bilbao. Ga mai mota maƙare da kaya, jirgin ruwan ya fi, kuma nesa ba kusa ba. Sai dai alherinsa duka ya rataya ne a kan abu biyu: ɗakin da aka yarda kare ya kwana a ciki, da takardar lafiyar da kwana goma kawai take aiki. Wanda ya yi sakaci da ɗaya daga cikinsu zai sha wahala ko da komai ya tafi daidai a teku.

Manoman yankin Brittany na Faransa ne suka kafa kamfanin, jirginsu na farko ya tashi daga Roscoff zuwa Plymouth a 1973. Yanzu jiragen da ke zirga-zirgar Sifaniya sun haɗa da Pont-Aven, wanda ke yin kimanin awa 20 daga Plymouth zuwa Santander, da sababbi irin su Galicia da Salamanca da Santoña. Tafiya daga Portsmouth ta fi tsawo, wata ma kwana biyu ake yi a ruwa, sama da awa 30. Ga mutum wannan hutu ne. Ga kare kuwa dogon zama ne a wurin da bai sani ba, don haka a duba tsawon tafiyar kafin a duba farashi.

A wannan hanya ba a barin kare a cikin mota. Ko dai keji a sashen karnuka, ko ɗakin kwana na masu dabbobi. Ɗakin ya fi ta kowace fuska: daɓensa ba kafet ba ne, ana goge shi cikin sauƙi, karen yana tare da mai shi dare da rana, kuma filin da ake fitar da karnuka su sha iska ba shi da nisa. Kejin na ƙarfe ne, tsaf yake, kuma ana iya zuwa duba karen, amma haushin wani yakan tayar da sauran, ga ƙugin inji, ga girgizar jirgi. Karen da bai taɓa kwana shi kaɗai ba yakan ƙi abinci a nan. Babban aibin hidimar shi ne ƙarancin waɗannan ɗakuna. Na lokacin zafi da na hutun makarantu sukan ƙare watanni kafin ranar tafiya. Saboda haka a fara kama ɗakin, sannan a tsara ranar miƙa mabuɗin gida da ranar loda kaya a kansa. Masu yin akasin haka su ne ke ƙarewa da keji, ko da biyan hayar ƙarin wata guda.

Takardun kare su ne inda aka fi tuntuɓe. Tun 1 ga Janairu 2021 fasfon dabbobi da aka bayar a Birtaniya ya daina aiki wajen shiga Tarayyar Turai. Abin da ake nema yanzu shi ne takardar shaidar lafiya, wadda ake kira AHC, kuma ba kowane likitan dabbobi ne ke da izinin sa mata hannu ba, sai wanda hukuma ta amince da shi. Tsarin yana da jeri, ba a tsallake shi. Da farko a dasa wa karen 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, bayan nan a yi masa allurar rigakafin haukan kare. In aka yi allurar kafin dashen, ba ta ƙirgu ba, sai an sake. Dole ɗan kwikwiyo ya kai mako 12 kafin allurar, kuma bayan allurar farko sai an jira kwana 21 kafin tafiya. Takardar ana cike ta da Turanci da harshen ƙasar da za a fara sauka, wato Sifaniyanci ga mai zuwa Santander. A faɗa wa likitan wannan tun wajen kama layi, domin wanda ya saba yi wa masu zuwa Calais zai iya ɗauko ta Faransanci. Kuɗinta kuma yakan haura fam 100.

Kwana goman nan ana ƙirga su ne daga ranar sa hannu zuwa ranar shiga Sifaniya, amma ga mai tafiya ta teku ana ƙara musu tsawon lokacin da jirgi ya yi a ruwa. Mashigin tekun Biscay, wanda jirgin ke ratsawa, ya yi suna wajen igiyar ruwa, musamman daga ƙarshen kaka zuwa cikin hunturu, kuma akan jinkirta tafiya ko a soke ta. Wanda ya karɓi takardarsa kwana tara ko goma kafin tashi, to jinkirin yini ɗaya ko biyu ya isa ya kashe ta. Shawararmu a karɓe ta kwana uku ko huɗu kafin tashi, a kuma karanta lambar na'urar da ke jikin takardar, lamba bayan lamba, tun ana gaban likita. A tashar jirgi ma'aikaci zai miƙo na'urar karantawa a goga a wuyan karen, in lamba ɗaya ta saɓa ba za a bari ya hau ba. Maganin tsutsar ciki ba sharaɗi ba ne ga shiga Sifaniya, amma wajibi ne ga mai komawa Birtaniya, tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin isa.

Kamfanin yana buƙatar takunkumi a bakin kowane kare idan an fito da shi daga mota zuwa ɗaki ko keji, komai ladabinsa. A sayi mai kama da kwando, wanda ke barin karen ya yi haki ya sha ruwa, a kuma saba masa da shi makonni kafin tafiya, minti kaɗan kullum tare da ɗan abin lasa. Wurin ajiye motoci a cikin jirgi akwai ƙara da cunkoso da warin mai, ba nan ne za a fara gwada masa takunkumi ba. Ma'aikatan suna sa wa motar masu dabbobi alama tun a ƙofa don a san inda za a ajiye ta, kuma wannan tsari abin yabo ne. A zo da wuri, awa biyu kafin tashi bai yi yawa ba.

Da zarar jirgi ya tashi ana kulle sashen motoci, don haka duk abin da za a buƙata ya shiga jaka ɗaya: takardu, magunguna, kwanon ruwa, bargon da karen ya san ƙamshinsa, ledojin kwashe kashi da tabarmar fitsari. Karnuka da yawa sukan ƙi yin fitsari a kan daɓen ƙarfe na tsawon awanni, saboda sun saba da ciyawa. Haƙuri da yawan fita su ne maganin, ba tsawa ba. A ba shi abinci kaɗan awanni kafin hawa. In yana amai a mota, likita na iya ba da maganin maropitant. Kada a ba shi maganin barci ba da izinin likita ba. Wani abin da kan ba mutane mamaki: an hana shigo da nama da madara daga Birtaniya cikin Tarayyar Turai, kuma abincin kare mai nama yana ciki, sai dai na musamman don rashin lafiya, shi ma kada ya wuce kilo 2. A ɗauki abin da zai ƙare a jirgi, a sayi sabo a Santander.

Sai motar. Lasisin tuƙi na gama-gari ya tsaya ne a kilo 3,500, kuma wannan ya haɗa nauyin motar da mai da mutane da kare. Babbar motar kwasar kaya da ido ke gani kamar za ta ɗauke gida guda, abin da za ta iya ɗauka a doka sau da yawa bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Littattafai da tukwane da injin wanki ne ke cinye shi da sauri. A hau sikelin auna motoci bayan lodi. Masu nauyi su zauna ƙasa, kusa da bayan direba, a ɗaure su da bel mai ƙugiya, domin abin da ya tsaya cak a kan titi zai motsa a Biscay. Wajen sayen tikiti a faɗi ainihin tsawo da tsayin motar, har da abin da aka ɗora a rufi ko kekunan da aka rataya a baya. Ƙarin santimita kaɗan na iya canza farashi, ko a rasa wurin da motar za ta shiga. Tukunyar gas a bayyana ta, a rufe ta. A kashe ƙararrawar ɓarayi kafin a bar motar, in ba haka ba girgiza za ta sa ta yi ta kuka har batir ya mutu. Motar haya na buƙatar izinin fita da ita waje da takardar VE103 mai tabbatar da wannan izini, kuma yawanci dole a mayar da ita Ingila, wato tikiti biyu ke nan. A Sifaniya wajibi ne a manna alamar UK a bayan mota ko da lambar tana ɗauke da ita, a kuma gyara fitilun gaba don tuƙi a hannun dama.

Kwastan ba aikin kamfanin ba ne, kuma ba zai yi wa kowa ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1186 ta 2009 ta yafe haraji a kan kayan mai sauya mazauni, bisa sharuɗɗa: ya zauna a wajen Tarayyar aƙalla wata 12 a jere, kayan sun kasance nasa yana amfani da su aƙalla wata 6, ya shigo da su cikin wata 12 da komawarsa, kuma ba zai sayar ko ya ba da aronsu ba har wata 12. Giya da taba ba sa ciki. A rubuta jerin kayan da Sifaniyanci, kwali bayan kwali, da lamba a jikin kowanne da ƙiyasin kuɗinsa, a haɗa da lambar NIE, wato lambar shaidar baƙi ta Sifaniya, da biza da shaidar inda za a zauna. Wanda bai cika sharuɗɗan ba zai iya fuskantar harajin kashi 21 cikin ɗari. Ɗaukar wakilin kwastan tun kafin tashi ya fi araha a kan ajiye mota a tasha ana neman takarda. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana ya sani cewa izinin zama a Birtaniya ba ya shigar da shi Sifaniya, bizarsa daban ce.

Tashar Santander kusa da tsakiyar gari take, kuma babbar hanyar A-67 tana fita kudu zuwa Palencia, A-8 kuma tana bin gaɓar teku. Jirgin Bilbao yana tsayawa ne a Zierbena, wajen gari. Mai Rottweiler ko Akita ko Staffordshire ya san cewa suna cikin jerin karnukan da dokar Sifaniya ta 2002 ta ce sai da lasisi da inshora da takunkumi a bainar jama'a. A makon farko a kai karen wurin likitan dabbobi na garin da aka sauka, a shigar da lambarsa cikin rajistar yankin, a nemi fasfon dabbobi na Tarayyar Turai, a kuma sayi abin wuya mai korar ƙananan ƙudajen da ke yaɗa cutar leishmaniasis, wadda ta yi yawa a tsakiya da kudancin ƙasar daga bazara zuwa kaka.